Gwaggo Mai Guga a Ɗakin Zafi

Duk layin da Gwaggo Mai Guga aka san ta. Tun 'ya'yanta suna goye take tsaye a bakin tebur a barandar gidanta, tana yayyafa ruwa tana danna dutsen guga, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin yadda ake miƙar da abin da ya yamutse ba. Taurin kai kam Allah ya ba ta, kuma shi ya riƙe gidan.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, tsohon direban motar haya da har yanzu ake kira Direba, ita ta zama ƙafarsa. Kullum da safe takan rungumo shi daga gado zuwa kujera, tana tsokanarsa wai ya fi buhun siminti nauyi. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita, amma dariya tana fita.

Sai bayanta ya fara ciwo. Babban ɗansu ya zo daga garin da yake aiki, ya tarar da ita tana dafa bango.

"Umma, in bayan nan bai yi sauƙi ba, zan tafi da Baba. Akwai gidan jinya kusa da wurin aikina, sai dai ba sa barin 'yan'uwa su zauna."

"Ina raye? Wa zai gane abin da yake faɗa?"

"To ki warke, Umma. Shi ke nan."

Likita ya ce ta gwada yoga, a hankali. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta kai ta wata cibiyar motsa jiki a saman kantin magani. Malamar wurin ta zaunar da ita, ta ce yoga iri-iri ce. Akwai wadda ake yi da kujera da matasan kai, ana numfashi ana miƙa jiki sannu sannu. Akwai kuma mai sauri, a ɗakin da aka ɗumama har gumi ya riƙa ɗiga.

"Mama, da irin bayanki, ta kujera za ki fara. Ɗakin zafi ba naki ba ne yanzu."

Gwaggo ta leƙa ajin kujerar. Tsofaffi ne kwance a kan tabarmin roba, matashi a ƙarƙashin gwiwa, ido a rufe. Ta ja tsaki.

"'Yar nan, wannan ai barci suka zo yi da rana tsaka. Ni ba ni da lokacin barci. Abin da ya yamutse, zafi yake so da danni. Tambaye ni."

Malamar ta yi ta lallashi, Auta ma ta sa baki, Gwaggo ta ce ta ji. Ba ta ji komai ba. Ta bari sai ranar da malamar ba ta nan, ta sa tsohon wandon Direba a ƙarƙashin zane, ta ce wa matar da ke bakin ƙofa ai ita tsohuwar hannu ce, ta shige ɗakin zafi cikin 'yan mata sa'annin Auta.

Abin haushi, ranar farko ta yi mata daɗi. Ta jiƙe sharkaf, jikinta ya yi sakayau, ta dawo gida tana yi wa Direba kwatance da hannu, yana dariya har da hawaye. Wannan daɗin ne ya cuce ta. Da ta koma, ana cikin sunkuyawa aka ce a murɗa ƙugu, ita kuwa ta murɗa da ƙarfinta na guga. Wani abu ya ce ƙas a bayanta. Mutane ne suka sauko da ita daga benen.

Likita ya ce ta kwanta a ƙasa, a wuri mai tauri, kuma ta manta da ɗaga ko da bokitin ruwa. Babban ɗan bai yi faɗa ba, ya dai sa ranar tafiya da babansa. Da ma faɗan ya yi, da ta sami wanda za ta rama wa.

Ranar tafiyar tana kwance a tsakar falo, ba abin da take gani sosai sai ƙafafu da tayoyin keken marasa lafiya. Daga nan ƙasa take ba da umarni. A bar shayi ya huce kafin a ba shi. In ya ɗaga gira sau biyu, bayi yake so. Kada a sa masa riga ba guga, zai ƙi cin abinci. Ɗan yana ta cewa to, Umma, to.

A bakin ƙofa keken ya tsaya. Direba ya sa hannunsa mai lafiya ya damƙe katakon ƙofar. Ɗan ya roƙe shi, Auta ta durƙusa tana kuka tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsun, ya ƙi saki. Ya juyo yana kallon Gwaggo, yana jira ta tashi ta yi masu tsiya ta kore su.

Ta yunƙura, ciwon ya maido da ita. Zuciyarta ta karye, don ta san duk duniya maganar mutum ɗaya yake ji.

"Saki, Direba," ta ce. "Saki mana."

Ya saki.