Rigar Ɗan Jagora

Kawu bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba ya ce a miƙo masa ƙaramar jakar, akwai saƙon Inna a ciki. Na ji ya zuge zif, na ji ƙarar leda, sai ya ɗora mini wani abu a cinya. Taɓa tufafi sana'ata ce, don haka kafin ya buɗe baki yatsuna sun gama karantawa. Shadda ce mai kyau, ɗinkin kaftani, da aikin zare a wuya, daidai jikin yaro ɗan shekara goma sha uku. A ƙarƙashinta akwai wando da 'yar hula.

"Na ɗan jagoranka ne," in ji Kawu. "Ta ce in sa masa da hannuna, in ɗauko mata hoto. Yana ina?"

Ɗan jagoran nawa yana kwance a barandar ɗakin kwana, inda matata ta rufe shi tun da safe. Ƙafa huɗu gare shi da wutsiya. Na zauna da rigar a cinya, na rasa ta inda zan fara.

Na daɗe a birnin Guangzhou na ƙasar Sin kafin idona ya tafi. Kawun nan, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini kasuwa a Kano, shi ya fara turo ni nan sayo masa kaya. A hankali na zauna, na auri 'yar ƙasar, Musulma, na zama mai saya wa 'yan kasuwar gida tufafi a kasuwar Shahe, in tsaya har a loda su a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Hawan jinin ido ya ci ni daga gefe-gefe, kamar yadda gara take cin tabarma, har wata rana na duba fuskar matata na ga inuwa kawai. Aikin bai gagare ni ba. Hannuna ya fi idon mutane da yawa gane ɗinkin ha'inci, kuma masu shaguna sun san haka. Abin da ya gagare ni shi ne hanya.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tambayata ko na kwana lafiya ba. In za ta yi maganata sai ta ce wancan. Da labarin makantata ya isa gida, Kawu ta aika wa, ta ce ya gaya wa wancan ya tattara ya dawo, makaho ba ya zaman ƙasar mutane ba mai riƙe masa sanda. Na san abin da dawowar take nufi. Tabarma ce a zaure, da rediyo, da mutane masu sassauta murya in za su gaishe ni. Ina da ƙarfina da sana'ata, kuma maganar Inna ba a tsallake ta.

Matata ce ta kawo zancen kare. Ta ce akwai makarantar da ake horar da su don makafi, ta riga ta sa sunana a layi. Kwana biyu ban ci abincinta ba. Ni da na tashi a gidan da in kare ya leƙo zaure sai an bi shi da jifa, ni za a haɗa da kare in ratsa kasuwa? Na ce mata sandata ta ishe ni. Sandar ta ishe ni ɗin kuwa, har ranar da na fasa goshi a jikin wata motar kaya da aka bar ƙofarta a buɗe a titin Huanshi Lu, domin sanda ƙasa take dubawa, ba ta san abin da ke sama ba. Da ɗinki a goshi na je wurin wani dattijo ɗan Maraɗi da yake ja mana sallah. Ya ce a mazhabarmu ba a hana kare na aiki ba, amma in sani mutanenmu ba littafi suke bi a kan kare ba, ƙyama suke bi. Ya yi gaskiya. Akwai waɗanda har yau in sun hango ni sai su tsallaka titi, suna zaton ban san takunsu ba.

Da layi ya zo kaina na je na yi makonni ina koyon tafiya da shi. Ana ɗaura masa ɗamara mai mariƙi a baya, in riƙe da hannun hagu. Da Sinanci aka horar da shi, kuma kalmar da ake ce masa ya tafi kusan daidai take da zo tamu. Na daɗe bakina yana cewa zo, ƙafata tana jiran a zo, shi kuwa ya riga ya yi gaba da ni.

Ranar da na dawo da shi daga makarantar na kira Inna na ce mata na samu ɗan jagora. Na san sarai hoton da kalmar za ta zana mata, yaro a gaba riƙe da bakin sanda, makaho a baya. Ban gyara mata ba. Ta yi hamdala sau uku, zancen dawowa ya mutu.

Daga nan kiran da nake yi mata duk Juma'a ya canza. Matar da gaisuwarmu ba ta wuce minti ɗaya sai ta koma mai tambaya. Ɗan jagoran ya ci abinci? Yana samun barci? Ta ji ana sanyi a can, yana da bargo? Kada a riƙa wahalar da shi a rana. Ta tambayi ɗan wane ne, na ce ɗan ƙasar ne, an raba shi da uwarsa tun yana ƙarami. Ta tambayi halinsa, na ce ba shi da surutu. Ta tambaya ko yana sallah, na ce bai taɓa sa ni na makara ba. Kowace amsa gaskiya ce, duka kuma in an haɗa ƙarya ce, har na riƙa yaba wa kaina wayo. 'Yan uwanmu na nan duk sun sani, amma babu wanda ya iya kai wa tsohuwa irin wannan labari.

To ga shi ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce wa matata ta buɗe ƙofar. Na ji faratansa a kan tayil, na ji kofin Kawu ya faɗi, na ji kujera ta yi ƙara lokacin da dattijo mai shekara sittin da wani abu ya naɗe ƙafafunsa sama yana salati. Karen ya zo kai tsaye ya ɗora kansa a gwiwata kamar yadda ya saba, a kan rigar. Kawu ya fizge ta.

Sai ya ce, "Ka san kullum bayan sallah sai ta yi masa addu'a? Ta roƙa masa mace ta gari. Ta roƙa masa kujerar Makka. Da kanta ta je kasuwa ta zaɓo shaddar nan, ita da gwiwarta ba ta kai ta ƙofar gida."

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na zaci tambayoyin a waya suke ƙarewa. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, ko ranar da na fara neman ƙofar gidana da lalube a gaban maƙwabta.

Kawu ya ƙi kwana a gidan, ya kama ɗaki a wani masauki a Huanshi Lu. Kafin ya fita ya ce tare za mu koma Kano, zai gaya wa yayarsa abin da ya gani. Kafin nan kuma, muddin yana garin, kare ba zai ja ɗan yayarsa ba. Shi zai ja ni.

Washegari muka tafi Shahe, yana riƙe da bakin sandata, ina riƙe da gindinta. Kawu mutum ne mai sauri, kuma bai taɓa jan makaho ba. Ba ya cewa ga matakala sai na riga na ci tuntuɓe, sannan ya ce a kula. Kafin mu shiga kasuwar ƙaurina biyu sun sha ƙarfe. Ban yi ƙorafi ba, don na san in na yi zai ce kare nake kewa, kuma gaskiya ne.

Wanda ya san Shahe da safe ya san layukanta. Masu tura amalanke suna gudu da diloli sun fi su tsawo, suna ihu a ba su hanya, kuma ba sa tsayawa. Kawu ya hango wandunan jins, jinin kasuwa ya motsa, ya fara ba ni labarin yadda irinsu suke tafiya a gida. A nan wata dila ta buge ni a kafaɗa. Sandar ta suɓuce, na faɗi a kan gwiwoyina. Na kira shi, hayaniya ta cinye muryata. Ina tsugune a tsakiyar layi, tayoyi suna wucewa dab da yatsuna, ban san ina gabas ba. Shekaru ina shiga kasuwar nan, ranar ce na fara jin tsoronta.

Wata mai shago da ta san ni ce ta ja ni gefe ta zaunar da ni a kan dila. Tambayarta ta farko ita ce ina karen. Na ce mata mayo, wato babu. Ta yi tsaki irin nasu ta miƙo mini ruwan ɗumi.

Can sai ga Kawu yana haki. Ya tsaya a gabana, ya sa mini sandar a hannu. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini ya kai har ƙarshen layin yana jan sanda ba kowa a bayanta, yana ta yi mata bayanin farashi, sai da ya tambaye ta ra'ayinta ya ji shiru. Yanzu in na tuna ina dariya. A ranar kuwa babu wanda ya yi.

Da safe ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce in ɗauko abin nawa, zai bi mu a baya. Muka sauka a lifta, muka hau gadar sama, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. A kowace matakala karen yana tsayawa sai ƙafata ta same ta. Ya kauce da ni daga baburan da aka jibge a hanya, ya kauce da ni daga wata rumfa da ta sauko daidai goshina. A Shahe ya bi da ni ta gefen layi, in amalanke ya taho ya tsaya ya tokare ni da jikinsa. Na zauna a shago ina bin ɗinki da yatsa, na ware riguna masu karkataccen wuya na mayar wa lawban, mai shagon, shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin kanta bai motsa ba har na gama. Duk tsawon yinin ina jin takun Kawu a bayanmu.

Sai da muka dawo unguwa ya ce gani ya kori ji. Shi dai ba zai ce in koma ba. Amma hukuncin ba nasa ba ne, kuma ba zai kai wa yayarsa hoton ƙarya ba. Ya danna lambarta ya sa mini wayar a hannu.

Na gaya mata, a tsaye a bakin titi, ba kwana-kwana. Ina jin kukan kajin gidanmu ta cikin wayar. Sai ta ce, "Kare." Sau ɗaya ta faɗa, a hankali, ta kashe wayar.

Ranar da Kawu zai tafi na raka shi har bakin mota. Na ce masa abin da ya fi damuna shi ne na sa ta ɓata addu'arta da tausayinta a kan yaron da babu shi. Ya tsaya da jaka a hannu.

"Ashe makantar taka ba a ido kaɗai take ba," ya ce. "Yayata ce, na san ta. Shekara arba'in da wani abu tana son ta tambaye ka ko ka ci abinci, kunya ta hana ta. Ka zaci bargon ɗan wani take tambaya?"

Motar ta tafi ta bar ni a wurin. Na ce wa karen zo, ya yi gaba, ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Juma'a uku ina kira ba ta ɗauka. Na gaya wa matata in Inna ta ce in dawo, zan dawo, har na fara tunanin wanda zan bar wa masu sayen kayana. Rigar tana ninke a cikin durowa, Kawu ya ƙi komawa da ita. A Juma'a ta huɗu aka ɗauka. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar da. Na jira hukuncin, hannuna a kan wuyan karen. Ta yi gyaran murya.

"Ɗan jagoran yana cin abinci?"

Na ce, "Yana ci, Inna."

"Kawunka ya ce ya rame."

Karen nan ƙato ne, ko makaho ya shafa shi ya san bai rame ba. Ni ne wandona ya fara yi mini yawa a makonnin nan. Na ce mata zai riƙa ci sosai, in sha Allahu.

"To, a kula da shi," ta ce. "Sai wata Juma'ar."