Taraktar da Mutum Ɗaya Ba Ya Tayarwa

Yayana ba shi da gona ko ta shuka barkono, amma taraktocin da ke bayan gidansa sun fi na wani babban manomi yawa. Duk tsofaffi ne, duk a mace ya sayo su. A unguwa Baba Tsatsa ake ce masa, kuma yana amsawa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, don mu biyu muka rage a ɗakinmu.

Bakanike ne a wani kamfanin noma har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya ajiye aiki, wasu abokan aikinsa suka kama kiwon kaji, shi kuwa ya kama bin ƙauyuka yana neman ƙarafan da ciyawa ta cinye. Na taɓa raka shi sau ɗaya, na kuma rantse ba zan sake ba. Ba ya duban fenti. Sai ya tsoma yatsa a baƙin mai ya sansana, ya shafa kujera ya ga inda zama ya cinye ta, sannan ya tsare mai kaya da tambaya: wa ya tuƙa ta, yana raye, me ya sa ya daina? Rana tana dukana, shi yana jin tarihin mutanen da bai taɓa gani ba.

A ƙarƙashin rumfar kwano ya jera su bisa shekaru. Ta farko ƙafafunta na ƙarfe ne masu haƙora, kujerarta kamar tsohon faranti. Daga ita sai masu tayar roba, sai masu ɗaga garma da kansu, sai masu makulli. Masu ɗakin gilashi kuwa ko kyauta ba ya so.

"Waccan mutum uku ke binta," in ji shi. "Ta kusa da ita biyu. Ta yanzu mutum ɗaya ne a rufe yana shan sanyi. An ce har an yi wadda ba kowa a cikinta. Wai ci gaba."

Akwai wata koriya da ya fi ji da ita. Ba ta tashi sai da mutum biyu: ɗaya ya tsaya a gaba yana juya ƙarfen tayar da inji da iya ƙarfinsa, ɗaya ya riƙe wani ɗan hannu a gefe, in injin ya ɗauki gudu ya sake shi. A da shi ke juyawa, matarsa ke riƙewa. Har daga gidana nake jin ihunsa, "Saki!", sai kuma tata dariyar in hayaƙi ya turnuƙe su. Da ta rasu ya rufe koriyar da tamfol. Kafin ya sake buɗe ta, kafaɗarsa ta dama ta riga ta daina aiki.

Riƙe ɗan hannun yana iyawa. Mai juyawa ne babu. Na gwada, ƙarfen ko gezau bai yi ba, na kwana biyu ina shafa magani a baya. Na ce ya kira samarin layi. Ya ce a'a, ƙarfen yana dawowa ya karya yatsan wanda bai iya ba, kuma ɗansa kaɗai ya koya wa. Ni na san zancen yatsa ba shi ne zancen ba. Ɗan nan nasa, shi ke nan gare shi, yana can wani birni mai nisa da aiki da iyali, an daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Yaya kuwa ko za a yanka shi ba zai ce yana kewar wani ba. Abin da bakinsa ke iya faɗa a waya shi ne, "Koriyar nan tana jiranka. Yaushe za ka zo mu tashe ta?"

Kullum amsa ɗaya: "Ina nan tafe, Baba, aiki ne ya yi yawa."

Ni haushi yaron yake ba ni. Na kira shi na wanke shi tas. Ya ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, na san abin da zan yi." Na ɗauka zuwa zai yi. Na faɗa wa Yaya, ya sa na share ɗakin baƙi, shi kuma ya wuni yana goge koriyar kamar za a kai ta gasa.

Abin da ya iso kwali ne. A ciki akwai sabon kik, wato na'urar da ake tayar da inji da maɓalli, da batir, da wayoyi, an zaɓo daidai da irin taraktar. Yaron ya yi bincike, ya kashe kuɗi, ban hana masa wannan ba.

Na ce, "Yaya, mayar masa da abinsa."

Ya jawo kwalin gabansa. Bakanike ne, ba ya iya ganin ƙarfe a kwali ya ƙyale. Ya ɗaura shi tsaf da hannun hagu, ya ɗaure ɗan hannun da waya yadda zai saki da kansa, ya hau kujera ya danna. Bugu ɗaya ta tashi. Rumfar ta ɗauki rawa, hayaƙi ya cika ta, ba wanda ya yi dariya.

Ya sa na kira masa ɗan, na kara masa wayar kusa da injin.

"Ta tashi? Kai, madalla! Ka ga yanzu ba sai ka jira ni ba, Baba."

"Haka ne," in ji Yaya. "Allah ya yi maka albarka."

Ya miƙo mini wayar, ya kashe injin, ya ce yaron ya iya zaɓen kaya. Ni dai na shiga kicin na yi kukana, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Har yanzu suna waya. Yana tambayar jikoki, yana tambayar aiki, sai su yi sallama. Bai sake tambayarsa yaushe zai zo ba, don ba shi da sauran dalilin da zai iya faɗa.