Na Je Argungu Babu Burodi a Hannu

Ana sallame sallar asuba muka bar Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, ni da ɗana mai jan motar, da 'yarsa mai shekara tara wadda ta miƙe a kujerar baya ta yi matashi da jakata. Argungu muka nufa, gidan ƙanwata Kulu. Hanya ce da na bi sau ba adadi, amma wannan karon ba ziyara kaɗai ta fito da ni ba. Gafara zan je nema, a kan laifin da na yi shekara sittin da ɗoriya ina maimaitawa da hannuna, ina kuma ɗauka alheri nake yi.

Bari in gaya muku mafarin abin kafin mu yi nisa. Jikar nan tawa ta daɗe tana fama: ciki ya kumbura, gudawa ba ta yankewa, ga rama, sa'o'inta duk sun wuce ta tsawo. An yi na gida an yi na asibiti. Daga ƙarshe wata likita ta yi gwaje-gwajenta ta ce hanjin yarinyar ba ya ɗaukar wani abu da ke cikin alkama, wai shi gulutin. Ta ce shi ne danƙon da ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa miƙewa idan an ja shi. Ni kuwa na fi likitar sanin danƙon nan, domin shekara arba'in na yi a gidan burodi, kuma shi muke nema idan muna murza. Ta hana ta burodi da biskit da cincin da taliya da fanke, har iyakar rayuwarta. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, don yakan bi jini. Na ce babu. Sai da na zo shiga mota, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, Kulu ta faɗo mini a rai.

A bakin tasha, wajen fita gari, masu burodi sun riga sun jera tebura. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya san ni tun ina sana'ar. Yana hango farin gemuna ta taga ya ɗauko manya guda uku ya rugo, yana cewa, "Baba, ga na Hajiyar Argungu, yanzu anka sauke!" Wallahi hannuna har ya kai aljihu. Jikata ce ta ɗago kai ta ce, "Tsoho, ka manta abin da ya fito da mu?" Na ce wa mutumin Allah ya ba da kasuwa, yau dai a yi haƙuri. Ya tsaya riƙe da burodinsa yana kallon motarmu kamar an ce masa gulbi ya ƙafe.

Ba hannu wofi nake ba. Ana gobe za mu tafi na sa ɗana ya kai ni wani babban kanti, na sayi abin taɓawa leda uku irin wanda likita ta amince wa yarinyar. A jikin ledar an zana zangarniyar alkama an soke ta da jan layi, don ko wanda bai yi karatu ba ya gane. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, saboda haka zanen ya yi mini amfani. Abin da ke ciki faya-faye ne farare na shinkafa, marasa nauyi kamar busasshen ganye, amma kuɗin leda ɗaya zai sayi shinkafar da za ta ciyar da gidanmu yini guda. Jikata kwali take kiransa. Tana ci ne kawai don a makaranta idan an fita tara kowa na yage ledarsa, ita ma ta samu abin yagewa.

Gari ya waye mana a Zauro. Kaka ta shigo, fadama ta yi ja da shinkafa iyakar ganinka, wasu na yanka, wasu na bugu a jikin ganga, an shanya wata a kan tamfol har gefen kwalta, sai direba ya yi ta kauce-kauce. Hayaƙin masu turara shinkafa ya tokare sama, ƙamshinsa ya cika motar. Titin yanzu sumul yake, in ban da 'yan ramuka da ruwan bana ya bari. Na ce wa ɗana ya rage gudu, ba don tsoro ba. So nake in ƙara samun lokacin shirya abin da zan faɗa.

A wannan hanyar na fara laifin. Shekarar da aka sami 'yancin kai ina ɗan shekara goma sha shida, mahaifinmu ya rasu, na bar Argungu na kama aiki a gidan burodin wani Bayarabe a Birnin Kebbi. Lokacin hanyar jar ƙasa ce, babbar mota ake hawa a zauna kan buhunan albasa, in da damina ne a yini ana turi. Duk ƙarshen wata nakan je gida da burodi naɗe a takarda, yaran unguwa na bi na. A ganina na kawo wayewa gidanmu. Kulu na da shekara bakwai. Duk ranar da ta ci, sai ta kwana tana murƙususu, cikinta kamar tulu. Mahaifiyarmu ta ce, "Cikin ɗiyar nan bai son abin Turawa, bar ta da nakiyarta." Na ce wannan maganar duhun kai ce, yanzu mun sami 'yanci, abin da Bature ke ci shi za mu ci. Ran nan Kulu ta ture burodin ta ce ciwo yake sa mata. Na karyo tsumagiya na zane ta, na tsaya a kanta sai da ta cinye. Daga ranar ba ta ƙara ce mini komai a kan burodi ba. Ni kuma ban fasa ba: ta yi aure na kai burodi, ta haihu na kai, mijinta ya rasu na kai. Na bar sana'ar ma ban bar tsarabar ba.

Mun tsaya karin kumallo a Ambursa, wurin wata mai masa. Kafin in buɗe baki jikata ta matsa ta ce, "Inna, kina sa fulawa a ƙullun?" Matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar nan hukuma ce? Ɗan kaɗan nika sawa don ta yi laushi." Sai muka koma wurin mai ƙosai da ke gefe, wake ne zalla, muka haɗa da koko. Na lura da yadda yarinyar ta yi tambayarta ba tsoro, ubanta na tsaye bayanta yana gyaɗa kai.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Argungu. Tun kafin ka ga gulbi za ka ji shi, ƙaurin kifin banda da warin albasa sun gauraya. Masu babura ɗauke da kwandunan tarwaɗa suna ta kutsawa, wani ya ɗauro giwan ruwa a baya wutsiyarta na jan ƙasa. Garin ya cika ya batse, filin da muke kokawa muna yara yanzu shaguna ne. Gidan Kulu kuwa yana nan yadda na san shi, da darbejiyarsa a ƙofa.

Mun same ta a tsakar gida kan tabarma, ita da babbar 'yarta suna tsince shinkafa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo ruwa. Duk wannan lokacin idonta na kan hannuna. Can ta ce, "Yaya, lahiya dai? Ina burodi? Ko gidan burodin ya ƙone?"

Na zaro ledoji ukun na ajiye a gabanta. Ta juya ɗaya, ta girgiza ta kusa da kunne, ta yage da haƙori, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce, "Wanga ai shinkahwarmu ce anka hura wa iska anka maido muku." Jikata ta fashe da dariya ta ce ai ta gaya mini kwali ne.

Daga nan na fara. Na gaya mata maganar likita, da tambayar da aka yi mini na ce babu. Na ce na tuna ranar tsumagiya, na kuma gane shekara da shekaru ina kawo mata abin da sai dai ta raba wa yara. Na ce, "Kulu, ki yafe mini."

'Yarta ce ta ajiye faifai ta ce, "Kawu, raba wa yara kaɗai ka sani? Ba ka ganin duk zuwanka sai ta gutsuri gefe ta ci gabanka? Kana tahiya kwana uku ta ka yi kwance. Mu har mun saba, in munka ji ka taho, sai mu jiƙa magani."

Na gani, mana. Sau nawa na gani! Takan karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta ci loma biyu ko uku, ta ce na bana ya fi na bara. A wurinmu ba a ajiye tsarabar babba ba a ɗanɗana ba, balle wanda ya tsaya a matsayin uba. Ni kuma ina ganin tana ci sai in ce a raina, ashe da can shagwaɓa ce, ga shi ta girma ta daina.

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Na hwaɗi. Ina shekara bakwai na hwaɗi." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can kuma ta ƙara da cewa, "Bayan nan kuma, Yaya, burodin nan shi kaɗai gare ka. Kai ba ka iya zuwa wurin mutum hannu wohi ba. Na ji tsoron in na ƙi shi ka rage zuwa."

Ta miƙe ta kama hannun jikata suka yi bayan gida, ta bar ni zaune ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ɗana ya ce wai zai je ya duba tayar mota. Na zauna ni kaɗai da kaji. Da zaman ya ishe ni, sai na bi su.

A wata rumfa na tarar da su, inda suke yin nakiya. Ashe abin ya zama sana'a ban sani ba, don ban taɓa wuce tabarmar baƙi ba. Kulu na nuna wa yarinyar komai: yadda ake jiƙa shinkafa a tsane ta, a daka da citta da kanumfari da masoro, a tankaɗe, a soya garin sama-sama, a zuba narkakken sukari ko zuma da man shanu, a mayar turmi a kirɓa har ya kama jikinsa. Turminta daban, rariyarta daban, ba mai taɓa su. Ba ta kai niƙa inji, ta ce injin da ya ci alkama da safe ba shi da amana da rana. Maƙwabta sun daɗe suna ce mata mai tsirfa. Abin da likita ta gargaɗe mu a kai ke nan, kusan kalma da kalma, ita kuwa cikinta ne ya koya mata. A gefe 'yarta na da ɗan injin liƙe leda. Tana jera nakiya huɗu-huɗu, ta saka 'yar takarda mai rubutu, "Nakiyar shinkafa, babu alkama," ta liƙe. Ta ce ana aiko musu daga Sakkwato har da Abuja, a mota suke ba da saƙo.

Jikata ta ci ɗaya, ta ci ta biyu, tana ta uku ta ce, "Kaka, mai ledar za a ba ni, ita zan kai makaranta." Rabon da in ga ta nemi ƙarin wani abu har na manta.

Sai Kulu ta juyo ta miƙo mini taɓarya. Ta ce, "Shekara arba'in kana murza abin da ka kwantar da ni. Kirɓa wanga mu gani." Na naɗe hannun riga. Namiji, mai shekara tamanin, a bakin turmi! Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna riƙe baki. Na ɗaga na sauke, na ɗaga na sauke, hulata ta faɗi, jikata na ƙirgawa da ƙarfi. Ban kai ashirin ba numfashina ya fara sarƙewa. Kulu ta riƙe taɓaryar ta ce, "Ya isa, kada ka mutu mini cikin gida a ce ni na kashe ka. Na yahe maka, Yaya, duniya da lahira. Tun tuni na yahe, jira nike ka tambaya." Na sunkuya kamar ina neman hulata, na daɗe ban same ta ba.

Mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka yi la'asar, muka kamo hanya da kwali cike da nakiyar leda. Faya-fayen kantin nan Kulu ta riƙe su, ta ce tsarabar yayanta ce ta farko da za ta cinye ita kaɗai, ko da kwali ce. A dawowa jikata ba ta yi barci ba, tana ta lissafa ƙawayen da za ta ɗanɗana wa. Rana na shirin faɗuwa a fadamar Zauro muka wuce, muka iso Badariya ana kiran magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na makara wajen koyonsa. Idan ƙaramin gida ya ce abu na cutar da shi, a saurare shi a karon farko, domin wani ba zai sake faɗa ba, sai dai ya yi ta haɗiyewa yana godiya. Ku da kuke da ƙanne da 'ya'ya, kada ku ɗauki shirunsu a matsayin yarda.

Ƙarshen wata zan koma, in Allah ya kai mu. Da za mu rabu a ƙofar gida na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta me take so in zo mata da shi. Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce, "Citta da kanumfari."