Anti Mai Safa Ta Ajiye Safarta

Kowace safiya kafin ta wuce ofishin da take aikin kwamfuta, Anti Mai Safa takan ture kofunan shayi gefe a teburin kicin, ta jawo wata doguwar safar ƙwallo ta mijinta wadda 'yar'uwarta ta ɓace tuntuni. Sai ta maƙala abin saurare a kunne, ta cusa waya da hannunta duka cikin safar. Daga nan babu kallon allo. Yatsa ke lalube, muryar wayar na faɗa mata abin da ta taɓa, kamar yadda makaho ke amfani da waya.

Mijin nata yakan tsaya bakin ƙofa yana ɗaura agogo, ya ce, "Ke da Allah Ya ba ki ido biyu garau, me ya yi zafi? Ai wayar na da wurin rufe allo."

"Na san halina, zan leƙa," in ji ta. "Safa kuwa ba ta da taga."

Abin da take gwadawa wata manhaja ce mai tuna wa majinyaci lokacin shan magani da ranar ganin likita. Irin manhajar nan ce da ba ta da mai ita: rubutunta a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ƙara. 'Yan sa-kai ke riƙe da ita, suna haɗuwa a wani zaure na intanet, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Kowa na rububin ƙirƙiro sabon abu. Ita kaɗai ta ɗauki aikin da babu mai so, wato sauraron kowane sabon zubin manhajar da kunne kafin a sake shi ga jama'a.

Ni ɗan bincike ne a jami'a, aikina bin diddigin irin waɗannan ƙungiyoyi, in gano abin da ke raya su da abin da ke kashe su. Amma kada in yi muku rufa-rufa, ina da nama a cikin tukunyar nan. Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ciwon suga ya tafi da idonsa. Wannan manhajar ke gaya masa lokacin allurarsa, ita kuma ke tuna masa ko ya riga ya yi. In ta rikice, ko dai ya tsallake allura, ko ya maimaita ta, kuma kowanne na iya kwantar da shi.

Wani matashi a zauren, wanda ake kira Ɗan Gayu saboda son kwalliyar allo, shi ya ba ni labarin karonsa da ita. Ya cire rubutun da ke kan maɓallai ya maye su da 'yan hotuna, allo ya yi fes, kowa na ta sambarka. Ana gab da sakin aikin sai ga saƙon Anti: "A dakata." Ta haɗo da sautin da ta naɗa daga cikin safa. Wurin da ake danna "na sha magani", muryar wayar na cewa "maɓalli". Wurin da ake goge magani gaba ɗaya, shi ma "maɓalli".

"Wallahi na ji haushi," ya ce mini. "Na ce Anti, makafi nawa ne ma ke amfani da ita? Ta ce, 'Ɗana, ban ƙirga ba. Je ka nemo safa.' Na sa safa, kafin shayina ya huce na goge maganin hawan jini sau biyu."

Ba ta yi masa gori ba, kuma ba ta gyara masa ba. Zama ta yi da shi ta waya har ya raɗa wa kowane maɓalli suna da hannunsa. An sha kiranta birki, an sha cewa ta fiye tsaurin ido, wasu ma sun yi fushi sun bar zauren. Ta shanye duka, ba a taɓa biyanta ba, kuma sunanta bai taɓa fitowa a allon kowa ba.

Anti, ke ce kunnen marasa ido. Ke ce dalilin da Yaya ke jin waya ta ce akwai sabuntawa, ya danna hankali kwance, bai ma san akwai wadda ta riga shi tuntuɓe a hanyar ba.

To, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Kunnen Anti ya fara nauyi. 'Yarta ce ta fara lura, domin tana ɗaki tana jiyo muryar wayar daga abin sauraren uwar. Wata safiya ta fito ta ce, "Mama, ba ki ji ta tsallake sunan maganin ba?" Anti ta maimaita, ta sake maimaitawa, ba ta ji ba. Likita ya hana ta sa abu a kunne. A ranar ta rubuta a zaure cewa ta ajiye aikin, domin mai gadin da ke gyangyaɗi gara a san babu shi. Ta tambaya wa zai karɓa.

Jama'a, kun san abin da ya biyo baya? Addu'o'i da hotunan furanni, har da masu kuka. Batun karɓar safa kuwa, kowa ya yi gum.

Na san wannan shirun, na gan shi a bincikena. Sau da yawa ba mugun rubutu ke kashe manhaja ba, tafiyar mai aikin gundura ce. Zama ya gagare ni. In buɗe zaure, in rufe, in sake buɗewa. Ga sabon zubin manhajar na tafe. Na gwada safar da kaina, sai ga ni ina leƙe kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa. Ana haka Yaya ya kira.

"Ƙanena, in ta ce sabuntawa, in danna?"

Na fara kame-kame. Da ya matsa, na kwashe labarin duka na faɗa masa. Sai ya ce, "Shekara da shekaru wata na makancewa saboda ni, kai kuma kana can kana rubuta takarda? Zo ka kai ni wurinta."

A teburin kicin ɗin nan suka zauna. Ya ce a ba shi safar. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya gano hujin da babban yatsanta ya yi, ya daɗe yana murza wurin.

"Anti, kin sha wahala," ya ce da ƙarfi don ta ji.

"Makantar aro ce, Yaya, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In na cire hannu daga safa, ido ya dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya ninke safar ya miƙa mata. "Riƙe abarki, ni tawa a jikina take. Koya mini yadda ake kai ƙorafi a zauren naku. Ina da kunne, kina da ido."

Anti, na gode, a madadin gidanmu da gidajen da ba su san da ke ba. Allah Ya saka miki, Ya ba kunnenki lafiya. Ku kuma 'yan zaure, da ku masu karatu, mutum ɗaya mai ciwon suga ba zai ɗauki kayan nan shi kaɗai ba. Kowane gida akwai safar da ta rasa 'yar'uwa, ku nemo ta.

Jiya sabon zubin ya iso. Na kira Yaya in ji ko ya samu gwadawa.

"Gaya musu kada a saki tukuna," ya ce. "Ban gama saurare ba."