Shekara Bakwai Malam Isufu Yana Neman Namijin Bishiya

Malam Isufu maƙwabcina ne a Rillieux-la-Pape, kusa da birnin Lyon a Faransa, shi yana hawa na tara, ni ina na shida. Mun saba ne wata rana da na'urar hawa bene ta lalace, muka tsaya a matakala muna haki, ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Tun daga nan nake zuwa shan shayi wurinsa ranar Lahadi. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi. Wani kuma matarsa Hajiya Mariama ce ta gyara masa. Ƙarshen ne kawai na gani da idona.

An haife shi a Gidimuni, gabas da Damagaram, inda mahaifinsa yake da dabino a kwari. Ya tashi ya iya aikin. Idan dabino ya yi huda, sai a hau namijin a yanko furensa, a hau macen a ɗaura mata shi cikin nata da zaren kaba. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, amma in babu shi ba a cin dabino a shekarar. Wannan shi ne ilimin bishiya da ya shigo Faransa da shi, kuma bai taɓa yin kokwanto a kansa ba.

Ya yi shekara tara a Paris yana ɗaukar kaya a wani sito, sannan ya sami aiki a wata masana'anta a Saint-Fons da ke gefen Lyon, ya dawo Lyon da iyalinsa. A Paris ya bar aboki ɗaya, Christophe, mutumin Guyane da ke Kudancin Amurka, wanda suka yi aikin siton tare. A shekarar 2002 Christophe ya gayyace shi auren 'yarsa. Bayan an ci abinci sai ya ja shi kicin, ya fito da wani ɗan itace mai ƙaya masu laushi, fatarsa ta fara baƙi saboda tafiyar jirgi. Ya ce a garinsu abriba ake ce masa. Suka raba shi biyu, suka ci da cokali a tsaye.

"Ina sawa a baki sai ga ni a bayan gari, ina tsinkar gwandar daji," in ji Malam Isufu. "Amma wannan ya fi ta. Kamar an dama ta da madara an matsa lemun tsami."

Ya naɗe 'ya'ya biyar a takarda ya sa aljihu. Da ya iso gida ya ba Hajiya labari har ta gaji, ta ce ya ci daɗi shi kaɗai ya kawo mata ƙwallo. Shi kuma ya ce mata, in Allah ya yarda, a Lyon ɗin nan za ta ci shi, da hannunsa zai tsinko mata.

Yana da ɗan lambu cikin jerin lambunan da ake ba ma'aikata a bayan unguwa, inda yake shuka yakuwa da kuɓewa da na'ana'a. Biyu daga cikin 'ya'yan suka tsiro. Da yake bishiyar ƙasar zafi ce, sai ya bi wuraren da ake rushe tsofaffin gidaje yana tsintar tagogi, ya haɗa rumfar gilashi mai tsayi, ya dasa su a ƙasa a ciki. Da sanyi yana kunna musu risho, ya lulluɓe su da tsohon bargo. Duk da haka ɗaya ta mutu a sanyi na uku. Ɗayar ta rayu, ta wuce tsayinsa. Hajiya ta sa mata suna 'yar auta, ta ce 'ya'yan da ta haifa ma ba su ga irin wannan gatan ba.

A 2008 ta yi fure na farko. Fure ne kore mai fukafukai uku, kamar ƙaramar fanka. Ya yi kwana biyu, ya faɗi. Na biyu ma haka, har na arba'in. Malam Isufu ya duƙa ya tsince su, ya juya su a tafin hannu, ya gane abin da ya faru, ko ya ɗauka ya gane. Wannan mace ce. Wadda sanyi ya kashe ita ce namijin.

Daga nan ya shiga nema. Ya buga wa Christophe waya, aka ce ya koma Guyane, lambar da aka ba shi kuma ba ta shiga. Duk shekara idan ya sami hutu sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya sauka a unguwar Château Rouge, ya bi shagunan kayan miya ɗaya bayan ɗaya da busasshen fure a ambulan. Wasu suka nuna masa gwanda, wasu suka nuna masa tuwon biri. Wani mai shago ɗan Chadi, Adoum, har ya saba da shi.

"Alhaji mai neman miji, ka dawo?" in ji shi daga bayan buhunan shinkafa. "Bana ma ba a kawo ba. Ka ba ni 'yar taka mana, ni ba namiji ba ne?"

Malam Isufu ya kan yi dariya, ya sayi kilishi da daddawa don kada ya koma hannu banza. Wata shekara ma ya sa wani mai dawowa daga gida ya kawo masa furen namijin dabino, ya ɗaura wa bishiyar da zare. Ya ce ya san ba jinsinsu ɗaya ba, amma zama haka nan ya fi ƙarfinsa.

Ya ajiye aiki a 2012. A wannan shekarar ce hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne yake ƙara a kan faranti, daga baya sai da Hajiya ta riƙa ɓalla masa maɓallin riga.

A watan Afrilu na 2015 takarda ta zo daga masu filin lambunan. Za a yi gini a wurin, kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen Oktoba. Masu tumatir da latas suka yi ƙorafi, suka haƙura. Ta Malam Isufu daban ce. Saiwar bishiyar ta yi nisa a ƙasa, kuma ko an tono ta, ba a kai bishiya hawa na tara. Lokacin fure ɗaya ya rage mata, na wannan bazarar.

Cikin azumin shekarar, wani ɗalibi ɗan Maraɗi mai suna Abdulrazak, wanda yake karatun aikin gona a Lyon, ya zo lambun neman yakuwa. Ya leƙa rumfar, ya tsaya.

"Baba, ina ka samo rolliniya a nan?"

"Ka san ta?"

"A littafi. Tana haihuwa?"

"Ina fa. Ba ta da namiji. Shekara bakwai ina nema."

Malam Isufu ya ce da ya ga yaron ya sunkuyar da kai, ya san akwai magana. A hankali ɗalibin ya buɗe fure ɗaya da farce, ya nuna masa ciki mai danshi yana ƙyalli. Ya ce wannan yau mace ne. Ya buɗe wani da ya saki baki, gari mai launin ƙasa ya zubo masa a yatsa. Ya ce wannan jiya mace ne, yau ya zama namiji. Kowane fure haka yake yi. A ƙasarsu wasu ƙananan ƙwari ne suke ɗaukar garin daga wannan su kai wa wancan, su kuwa babu su a Lyon, balle a cikin gilashi. Abin da ake yi shi ne a karkaɗe garin da yamma a adana, da safe a shafa wa sabon fure da wani abu mai laushi.

"Wato yana nan," in ji Malam Isufu.

"Yana nan, Baba."

"Duk shekarun nan."

Abdulrazak ya karkaɗe garin daga yatsarsa.

Washegari Malam Isufu ya zo da ƙaramin burushi. Ya kama furen da hagu, ya kai burushin da dama, hannun ya yi rawa, furen ya tsinke ya faɗi. Ya gwada na biyu, garin ya watse a ƙasa. A kwana biyar ya zubar da fure goma sha ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Hajiya ce ta gane, don ya daina cin abincin buɗa baki sosai.

Rana ta shida ta bi shi lambun, ita da ba ta son wurin saboda ciwon gwiwa. Ta zo da tsohon tandun kwallinta, ta wanke shi tas, da gashin tantabara guda ɗaya.

"Matsa, Malam. Shekara hamsin ina sa kwalli ban tsone ido ba."

"A hankali, kar ki danna."

"Kai da ka danna, ina suke?"

Haka suka riƙa yi. Da la'asar ta karkaɗe garin cikin tandu, da safe ta shafa, shi yana tsaye a bayanta yana riƙe da hannunsa na dama da na hagu, yana nuna mata furen da baki. Amma fure ya riga ya yi ƙasa, saura kaɗan. Cikin tara da ta shafa, takwas suka faɗi. A farkon Agusta ɗaya ya zubar da fukafukansa, ya bar wani ɗan ƙulli kore kamar ƙwayar gujiya.

Abdulrazak ya ce a ƙasar zafi wata uku zuwa huɗu yake nuna, a nan kuwa zai fi haka. Malam Isufu ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Ya sa babbar riga ya je wurin masu filin, ya roƙi a ƙara masa mako huɗu. Mutumin da ya karɓe shi ya saurare shi da kyau, har ya nemi ganin hoton. Ya ce ba a hannunsa abin yake ba, an riga an sa ranar da motocin rusau za su shigo.

Malam Isufu ya kunna risho tun Satumba, ko zafi zai sa ɗan ya yi saurin nuna. Ɗan ya kai girman ƙwai, ya kai girman dunƙulen hannu, ƙayoyinsa suka fito. Kullum sai ya taɓa shi da bayan yatsa, kullum yana nan da tauri.

Ranar talatin ga Oktoba na same su a lambun. Maƙwabta sun riga sun kwashe, ko'ina tarin katako ne da tsofaffin bokitai. Hajiya ce ta riƙe wuƙar, ta yanko ɗan da guntun reshensa. Malam Isufu ya kashe risho, ya ɗauke shi, ya bar ƙofar rumfar a buɗe. Bai waiwaya ba.

A gida suka naɗe shi a jarida suka sa cikin ƙwarya, kamar yadda ake yi wa mangwaron da aka tsinka ɗanye. Kwana takwas fatar ta yi baƙi, amma bai yi laushi ba. Ranar Lahadi ina zaune Hajiya ta kawo shi a faranti ta fasa. Cikin fari ne, busasshe. Malam Isufu ya tono ƙwaya ɗaya ya matsa, ta fashe a yatsarsa, babu komai a ciki sai ruwa.

Hajiya ta yanki ɗan kaɗan ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa, shi yana kallon bakinta.

"Yaya?"

"Bauri."

"Wanda na ci ba haka yake ba, Mariama."

"Na sani. Ka gaya mini."

Ta haɗiye, ta sake yankar wani.