Abin da Nake Kira Maganin Baya

Ƙarfe bakwai da kwata ne na safiyar Talata. Mu uku ne a keke mai ƙafa uku: ni mai tuƙi, da wani malamin makaranta, da Inna Hajo, maƙwabciyarmu a unguwar Gidan Igwai, wadda ta goye ni ina jariri. Kafin wannan rana na yi shekara shida ina tuƙi, ban taɓa buge ko akuya ba. Zan faɗi yadda na lalace, bi da bi.

Na farko, ciwon baya. Wani abokin sana'a, Bala, ya miƙo mini 'yar leda mai ɗaci, ya ce, "Magani ne, ba giya ba." Da ta ƙona mini maƙogwaro na gane ko mece ce. Amma sunan ya yi mini daɗi, na riƙe shi.

Na biyu, na auna kaina da Bala. Shi ƙato ne, kuma sai ya cika ciki da ɗumame yake sha. Ni siriri ne, ranar ko koko ban sha ba, na zuba leda uku a jere.

Na uku, goro. Na ɗauka in baki bai yi wari ba, an gama.

A hanyar Arkilla idona ya ga kwanar titi, hannuna ya makara. Keke ya kife. Malamin ya tashi da ƙujewa. Inna ba ta tashi ba, ƙugunta ya karye.

A asibiti aka ɗebi jinina. Likita ya ce, "Ciki babu komai, jiki ba girma, ga gaggawa. Goro kuwa baki kawai yake rinawa."

A kotu alƙali ya tambaye ni abin da na sha. Na ce magani. Ya sa aka ba ni ledar in karanta abin da aka rubuta. Na ga sunan giya a jikinta, na ajiye ledar, mahaifina yana zaune kansa a sunkuye. Aka kai ni gidan yari.

Ranar da na fito, gidan Inna na fara zuwa. Na tarar tana sallar la'asar a zaune. Haka take yi tun ranar hatsarin. Da ta sallame ta dube ni.

"Ɗana, mi kas sha ranan?"

"Giya, Inna."

Wannan ne karon farko da kalmar ta fito daga bakina.

"To, yanzu na yahe ma," in ji ta.

Ta yafe, amma ba ta sake yin ruku'u ba.

Matasa masu tuƙi, ina roƙonku abu biyu. In an miƙo muku leda, ku kira ta da sunanta na gaskiya. In kun riga kun sha, ku ajiye makulli, ku taka da ƙafa.