Amfilifayar da Ta Gaji

Ina zaune a bencin mai gyaran wayar mota, shi kuma wani mutum yana tsaye bayan motarsa, but ɗin motar a buɗe. Ƙato ne, riga a goge, yana juya makulli a yatsa. Ban san shi ba, amma tuni ya ba ni haushi.

Amfilifayar da ke ƙara wa sifikokinsa ƙarfi ce matsalar. Da ya ƙure sauti, gilasai na karkarwa, sai ta ɗauke ɗif.

Mai gyara ya taɓa ta, ya janye hannu da sauri. "Maigida, sifika sun yi mata yawa, ga shi ka cusa ta ƙarƙashin kafet. Zafi take yi, sai ta ɗauke don kada ta ƙone."

"Ban tambaye ka dalili ba! Cire abin da ke sa ta ɗaukewar."

A kujerar gaba akwai mace da jariri a cinya, ta toshe masa kunnuwa da tafukanta. Ta leƙo ta ce, "Baban yara, yaron nan fa..." Ko juyowa bai yi ba, ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta mayar da kai ciki kamar wadda ta saba.

Ina jin haka gidansa yake, komai a ƙure, ba mai cewa uffan. Ya sake murɗawa, jaririn ya tsala ihu, amfilifaya ta sake ɗaukewa. Wallahi har cikin raina na ji daɗi. Duk motar nan ita kaɗai ta isa ta ce masa ta gaji.